Jarbil da mussa cikin gida guda

 

Zancenmu na yau ya shafi bisashe biyu waɗanda jininsu bai haɗu ba. Guda kun san ta sarai, mussa ce, wadda waɗansu ke ce ma mage ko kyanwa. Gudan kuwa wani ɗan ƙaramin kusu ne na ƙasar Mongoliya, can gabashin Asiya tsakanin Rasha da Sin. Sunansa jarbil. Turawa suna kiwon shi cikin ɗaka, ba don ci ba, ba don saidawa ba, sai don sha'awa.

Na san wani zai yi dariya ya ce: kiwon kusu? Mu da muke neman mussa ta raba mu da shi? Gaskiyarka. Amma ka tuna a biranen Faransa da Ingila da Jamus da Amurka mutane da yawa a bene suke zaune, ba tsakar gida, ba turke, ba inda za a ɗaure ɗan akuya. In yaro yana son dabba tasa ta kansa, sai a sai masa ƙarama wadda za ta zauna cikin akwati. To, da yawa cikin gidajen nan akwai mussa tun da farko. Nan ne magana ta taso: yaya za a yi mafarauci da abin farautarsa su kwana ƙarƙashin rufi guda, gari ya waye kowa da ransa?

Mu fara sanin shi jarbil ɗin. Ba baƙo ba ne gare mu ɗungum. Danginsa sun fi iri 100 a Afirka da Asiya, waɗansu kuwa suna nan cikin rairayin ƙasarmu. Manomin da ya taɓa shibka hatsi a jigawa, ya dawo da safe ya iske an tone an cinye iri, ya san aikinsu. Guda daga cikinsu masana na kiran shi Gerbillus nigeriae, ɓarnarsa a gonakin hatsi na Sahel sananna ce. Amma kada yaro ya ji wanga zance ya tafi daji ya kamo guda ya ce zai yi kiwo. Na daji ba ya sabo, kuma yana iya zuwa da ƙuma da cuta. Wanda muke magana kansa an daɗe ana haifuwar shi a hannun mutane.

A shekarar 1866 wani fada Bafaranshe mai suna Arman Dabid ya aika da samfurin dabbar daga arewacin Sin zuwa birnin Paris, a 1867 masana suka rubuta ta cikin littattafansu. A 1935 aka kamo waɗansu aka kai Japan. Daga can, a 1954, wani masani mai suna Biktor Shwentka ya kai su Amurka don binciken likitanci. Masu aiki da su suka lura ba su da saurin cizo, ba su da wari sosai, sai suka fara fita daga ɗakunan bincike suna shiga gidaje. A 1964 suka isa Ingila. A jihar Kalifoniya ta Amurka kuwa doka ta hana kiwon su, don tsoron kada su kuɓuce su yaɗu cikin gonaki. Manoman Damagaram ba za su ga laifin wagga doka ba.

Tsawon jikinsa santimetir 11 zuwa 13 ne, wutsiyarsa ta kusa haka, mai gashi ce da ɗan tuntu a ƙarshe. Nauyinsa garam 60 zuwa 130, ku ce ƙwan kaji biyu. Yakan yi shekara 3 zuwa 4 in ya samu kulawa. Ba ya son zaman kaɗaici, don haka biyu-biyu ake aje su, maza biyu ko mata biyu ƴan ciki guda, kada gida ya cika da ɗiya, tun da cikin macen kwana 24 zuwa 26 ne kawai. Abu biyu ba ya gajiya da su: gina rami da gwaguya. Haƙoransa na gaba ba su daina tsiro muddin yana da rai, dole ya riƙa goge su jikin itace ko kwali. Ku riƙe waɗanga biyu, don su ne za su nuna mana irin gidan da ya dace da shi.

Ita kuwa mussa nauyinta kilo 3 zuwa 5 ne. Wato ta ninka shi wajen sau 40.

Mi ya kawo mussa cikin gidan ɗan Adam tun asali? Kusu. Kakarta mussar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya. Lokacin da mutane suka fara noma suna tara hatsi, ɓeraye suka biyo hatsi, ita kuma ta biyo ɓeraye, mutane suka ga amfaninta suka bar ta. A tsibirin Kuburus an tono wani kabari mai shekara wajen 9500, aka iske mutum da mussa an bizne su kusa da juna. A 2004 aka ba da labarin. Tun wancan zamani aikin da muka ɗauke ta ke nan, tsaron rumbu. Wanda ya kawo jarbil gida ya ce ma mussa wanga ban da shi, ya nemi ta aje sana'ar da ta gada shekara dubbai.

Akwai kuskure guda da masu kiwo ke yawan yi. Sai su ce: mussata ƙosassa ce, kullum tasarta cike, mi za ta yi da kusu? Ai ba yunwa kaɗai ke sa ta farauta ba. Motsi ne. Ƙaramin abu ya gilma da gudu, jikinta ya tashi kafin ta yi tunani. A 1976 wani masani, Robat Adamek, ya gwada haka. Ya ba mussoshi abinci, suna cikin ci ya saki ɓera. Sai su bar tasa, su kashe ɓeran, su jawo shi kusa, su koma ga abincinsu. Ba su bukatar namansa, amma ba su iya barin shi ya wuce ba.

Wani kuma ya ce: tawa tsohuwa ce, malalaciya, wuni take kwance. Ko ya ce: tun tana ƴar ƙarama ta saba da su, har na ga ta kwanta kusa da akwatin tana lumshe ido. A intanet ma akan ga hotunan mussa da kusu suna cin abinci tasa guda. Hoton yakan nuna minti guda ne, ba ya nuna abin da ya faru bayan wata shida. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta. A gaban kusu babu kyanwar Lami. Kuma ko da wasa ta nufa, dabbar kilo 4 in ta ɗora hannu kan mai garam 80, wasan ya isa ya karya masa baya.

Don haka kada a ɓata lokaci wajen haɗa su abota. Kada a kai jarbil bakin hancin mussa a ce ta sansana ta saba. Abin dogara shi ne abin da ke tsakaninsu: bango, murfi da ƙofa.

Kada kuma a zaci ana iya ɓoye mata. Kunnen mutum yana tsayawa wajen girgizar sauti dubu 20 cikin daƙiƙa guda, na mussa ya wuce dubu 60. Jarbil da danginsa suna kiran juna da wani siririn kuka wanda mu ba mu ji, ita kuwa tana ji. Ga hanci. Ranar da aka shigo da akwatin, ranar ta san an yi baƙi.

Irin akwatin da ya dace

A kantunan bisashe na Turai ana saida keji masu kyaun gani, ƙasansu roba, samansu sandunan waya, da bututun roba masu launi da dabba ke bi tana yawo. Yara suna son su. A gidan da ke da mussa, ni ban ga amfaninsu ba. Ba su da nauyi, turi guda sun faɗo daga tebur, in sun faɗo kuwa ƙasan ya rabu da saman. Hannun mussa yana shiga tsakanin sanduna, ko ƙumbarta ta shiga. Jarbil kuma ba ya lura da wutsiyarsa, sai ya bar ta ta leƙo waje. Wutsiyar nan tana da wani hali: in aka kama ta aka ja, fatar sai ta saɓule ta bar ƙashi tsirara, daga baya wurin ya bushe ya guntule, ba ya sake tsirowa. A daji dabara ce ta kuɓuta daga bakin maƙiyi. A cikin keji rauni ne kawai. Don haka ma mutum ba ya ɗaukar jarbil ta wutsiya, da tafin hannu biyu ake kwaso shi. Bututun roban kuwa, ko mussa ba ta ɓalle su ba, shi da kansa zai huda su da haƙori cikin ƴan kwanaki ya fito.

Abin da ya fi shi ne akwatin gilashi, irin wanda ake kiwon kifi ciki. Ga jarbil biyu a nemi mai tsawon metir 1, faɗi santimetir 50, tsayi santimetir 50, in ya fi haka ma madalla. Gilashi ba ya gwaguyuwa. Ƙumba ba ta shiga. Nauyinsa kuma ya fi ƙarfin turin mussa. Sai a zuba masa shimfiɗa mai zurfi, santimetir 25 zuwa 30: ɓarzajjen katako marar ƙura, da busasshiyar ciyawa, da yagaggiyar takarda, a cakuɗa a danna don rami ya tsaya kada ya rufta.

Zurfin nan ba ado ba ne. A ƙasarsa jarbil cikin rami yake zaune, mai ƙofofi da yawa da ɗakin kwana da na ajiyar abinci. In ya ga inuwar shaho ko ya ji motsin yanyawa, abin da ya sani guda ne, ya faɗa rami. Jarbil mai rami in ya ga mussa sai ya nutse, in ta tafi ya fito ya ci gaba da harkarsa. Wanda aka aje bisa ƴar shimfiɗa mai kaurin yatsa biyu ba shi da inda zai shiga. Yana kallon mutuwa ido da ido, ba mafita. A ƙara masa ɗan ɗaki na katako ko tukunyar ƙasa a kife, can gefen bango.

Yanzu murfi. A nan ne yawancin hatsari ke faruwa, don haka mu ɗan daɗe. Akwatin gilashi buɗe yake ta sama. Jarbil gwanin tsalle ne, ga ƙafafun baya dogaye, ga shimfiɗa ta ɗaga shi kusa da baki. Mussa kuwa ba abin da take so kamar ta hau bisa ta zauna tana leƙe. Murfin dole ya yi aiki uku: ya bar iska ta shiga, ya ɗauki nauyin mussa ba tare da ya lotsa ba, kuma ya ƙi ɗaguwa ko zamewa.

Ba a rufe shi da gilashi ko katako ruf, don laima da warin fitsari za su taru ciki su ɓata masa numfashi. Ragar ƙarfe ake sa wa, wadda muke ce ma giriyaji, a kafe ta jikin firam mai ƙarfi na ƙarfe ko katako. Idon ragar ya zama ƙarami, kada ya kai santimetir 1. Mai milimetir 6 ya fi. Ragar sauro ba ta yi: mussa ta yage ta, jarbil ya cinye ta. In firam na katako ne, ya zauna ta wajen gilashin, inda haƙori ba ya kai. In akwatin dogo ne, a gitta sanda a tsakiya. A gwada kafin a sa dabba: a ɗora abu mai kilo 6 ko 7 a tsakiyar ragar, a gani in ta lanƙwasa.

Sai ɗauri. Mutane da yawa littattafai suke ɗorawa bisa murfi, ko dutse. Mussa tana ture littafi, kuma ran da aka ɗauke shi don ba da abinci ana iya mance maida shi. Maƙalai na ƙarfe ake sa wa a kusurwoyi, ko igiya mai ƙugiya a zagaye akwatin da ita. A bar tazara kamar tafin hannu da rabi tsakanin shimfiɗa da raga, don in jarbil ya miƙe tsaye kada hancinsa ya kai inda ƙumba ke iya shigowa. Kwalbar ruwan sha ta zama ciki, kada a rataye ta waje a bar rami a murfi.

Inda za a aje shi

Wani yakan ce bari in ɗora shi can bisa kabad, inda mussa ba ta kai. Ina ne mussa ba ta kai? Tana tsalle ninkin tsayinta wajen sau 5, daga ƙasa ta hau abu mai metir 1 da rabi ba wahala. Tsawo bai hana ta ba, sai dai ya ƙara nisan faɗuwa. Tebur gajere mai ƙarfi, wanda ba ya rawa, faɗinsa ya ɗauke gindin akwatin duka, shi ya fi. A jingina shi da bango, in da hali a kusurwa, don ɓangare biyu su zama a rufe. Na ukun ma ana iya manna masa kwali ta waje.

Kada a sa shi bakin taga inda rana ke bugawa. Gilashi yana tara zafi kamar mota a rufe. Mutane suna jin an ce dabbar hamada ce sai su zaci tana son zafi. Hamadar Mongoliya ta sanyi ce, ana ƙanƙara watanni, da bazara kuwa jarbil cikin rami yake fakewa. Abin da ya fi masa daɗi digiri 18 zuwa 24. Wanga ya isa ya nuna ma mai sha'awa a Yamai ko Tawa, inda zafin Afirilu da Mayu ke wuce digiri 40, cewa in ba shi da ɗaki mai sanyi dare da rana, gara ya haƙura da wagga dabba tun mussa ba ta shigo cikin lissafi ba.

Ko akwati ya yi ƙarfi kamar kurkuku, abin da ya fi duka shi ne ɗakin da mussa ba ta shiga. Domin mi, tun da ba ta iya kai gare shi? Domin tsoro ma cuta ne. Masana sun nuna ɓeran da aka haifa a ɗakin bincike, wanda bai taɓa ganin mussa ba, in ya ji warinta sai ya daskare ko ya gudu. Jarbil kuwa yana da rauni biyu da firgita ke tsanantawa. Na farko, waɗansunsu suna da farfaɗiya ta gado. In suka razana sai su sandare, ko jiki ya kama karkarwa na ɗan lokaci. Na biyu, akwai wata cutar hanji da hanta, cutar Tiza, mai sa zawo da mutuwa cikin ƴan kwanaki, ta fi kama dabbar da ke cikin wahala da damuwa.

Yana faɗin tsoronsa, in an san yarensa. Yakan buga ƙafafun baya a ƙasa da sauri, dif-dif-dif, kamar mai kiɗa. Gangar gargaɗi ce ga ɗan'uwansa. In ana yawan jin ta, ko ya daina fitowa, ko abinci ya kwana ba a taɓa ba, a duba ko mussa tana zuwa lokacin da ba kowa. Ta fi kuzari da almuru da asuba, sa'ad da mutanen gida ke wata hidima ko suna barci.

Amma akwai waɗanda ba su nuna tsoro ko kaɗan. Son sani ya yi musu yawa, mussa na bakin gilashi su kuma su taso su miƙe suna kallon ta. Mai gida ya ce kun gani, sun saba. Irin wanga shi ya fi shiga hatsari, don ran da ya kuɓuce ba gudu zai yi ba, wurinta zai nufa.

Ƙofar ɗakin ma a dube ta. A Turai ƙofofi da yawa mariƙinsu na dannawa ƙasa ne, mussoshi da dama sun koyi tsalle su rataya jikinsa ƙofa ta buɗe. A sa sakata ko ƙugiya daga waje, a tsayin da babba ke kai. In ɗakin na yaro ne, kuma mussa ta saba kwana kan gadonsa, to a sake shawara: ko akwati ya koma wani ɗaki, ko mussa ta sake wurin kwana. Wanda gidansa ɗaki guda ne, ba inda zai raba su, ya dogara ga murfi, ya rufe gefunan akwatin, ya ƙara zurfin shimfiɗa, ya kuma san cewa rabin kariya ce ya samu.

Akwatin kashin mussa kada ya zama ɗaki guda da jarbil. Ban da wari, akwai wata ƙwayar cuta, toksoplasma, da ke fita cikin kashin mussa. A 1908 aka gano ta a birnin Tunis, jikin wata ƴar dabbar duwatsu dangin kusu. Tana kama ɓeraye, tana kama jarbil, tana kama mutane, ga mace mai ciki kuwa abin kiyayewa ce. A wanke hannu da sabulu bayan an share kashin mussa, kafin a taɓa abincin jarbil. Cebur da tsintsiyar wancan aiki kada su shiga wanga.

Lokacin da murfi ke buɗe

In aka bi labarin yadda mussa ke samun jarbil, sau da yawa ba ta fasa akwati ba, mutum ne ya buɗe mata. Ana shara, ko ana sake ruwa, ko yaro ya fiddo shi yana wasa, aka buga waya, aka juya baya. Daƙiƙa biyu sun ishe ta.

Ka'idar guda ce, a koya ma kowa a gidan har baƙo: a ga mussa da ido a waje, a rufe ƙofa, sa'an nan a taɓa murfi. Na ce da ido. Kada a ce ai tana can tsakar ɗaki. A leƙa ƙarƙashin gado da bayan labule, don ta iya shigowa tun ɗazu ta lafe. In an gama, a maida dabba, a ɗaure murfi, a ƙidaya su biyu ne, kana a buɗe ƙofa. Ran babbar shara a sa su cikin ƙaramin akwati mai marufi, ba cikin bokiti buɗe ba. Yaron da bai kai ya riƙe wagga ka'ida ba, kada ya buɗe sai da babba. Akwai kuma wata ƙwallon roba da ake saidawa, a sa dabba ciki tana gangarawa cikin ɗaki. Ko ba mussa ba ta da kyau ga jarbil, da mussa kuwa an miƙa mata abin wasa ne da nama ciki.

In ya kuɓuce fa? Kada a fara neman shi. A fara neman mussa, a kulle ta. Sa'an nan a rufe ƙofofi duka, a toshe ƙarƙashinsu da tsumma. A zuba ƴan ƙwayoyin hatsi ƙidayayyu a kowane ɗaki, inda suka ragu nan yake. A zauna shiru a ƙasa, a aje bututun kwali kusa da bango. Son shiga rami zai sa ya shige, sai a toshe bakin biyu da hannu a ɗauka. Ko a sa abinci cikin bokiti mai zurfi da tsumma a ƙasansa, a jingina katako ya zama matakala. Ban da tarkon danƙo, ban da maganin ɓera, wanda ke iya kashe mussar ma. Ba a sake ta sai an same shi, ko da za a kwana biyu.

In kuwa ta riga ta kama shi, kada a bi ta da ihu da sanda. Gudu za ta yi da shi ƙarƙashin gado, ta ƙara datse haƙori. A rufe ƙofa, a matso a hankali, a lulluɓe ta da zane a riƙe, sau da yawa sai ta saki. Kada a ja shi daga bakinta.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ko an duba ba a ga jini ba, ko ya tashi yana gudu kamar ba abin da ya same shi, a kai shi wurin likitan bisashe ran nan, kada a bari sai gobe. Haƙoran mussa sirara ne kamar allura, hudarsu tana rufewa cikin gashi ba a gani. Bakin yawancin mussoshi kuwa yana ɗauke da wata ƙwayar cuta, pasterela, wadda in ta shiga jinin ƙaramar dabba tana iya kashe ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Magani yana aiki in an fara da wuri. Amma likita ne zai zaɓa, don akwai magungunan da ke warkar da mutum ko kare su kashe jarbil. Sitireptomisin yana cikinsu. Kafin a isa, a sa shi cikin ƙaramin akwati mai duhu da ɗumi, da ɗan shimfiɗarsa ta gida.

Shimfiɗar nan tana da dalili. Da wari jarbil ke gane ɗan'uwansa. In guda ya daɗe waje ya dawo da warin mussa da na asibiti, wanda ya rage a gida yana iya ɗaukar shi baƙo ya far masa, faɗansu kuwa har kisa. In rabuwar ta wuce kwana guda, a raba akwatin biyu da raga, kowa da gefensa, a riƙa musanya musu gefe kullum har warinsu ya sake gauraya, kana a cire ragar ana kallo.

Saura haƙƙin mussa, don ita ma ƴar gida ce, kuma ita aka iske. Bugu ba ya koya mata komi. Fesa mata ruwa in ta hau akwati yana koya mata abu guda: ta jira sai ba ka nan. Abin da ke taimako shi ne a ba farautarta wata hanya. A 2021 masana na jami'ar Ekzita a Ingila suka ba da sakamakon wani gwaji da suka yi da mussoshin gidaje. Waɗanda aka riƙa yi ma wasa minti 5 zuwa 10 kullum, da gashin tsuntsu a bakin zare suna bi suna cafkewa, abin da suke kamowa daga waje ya ragu da kashi 25 cikin 100. Waɗanda aka ba abinci mai nama sosai, ya ragu da kashi 36. Ragi ne mai kyau, amma ku lura kashi 64 yana nan. A yi mata wasan, musamman da marece. A ba ta wurin hawa kusa da taga a wani ɗaki, inda za ta kalli tsuntsaye. In ta zauna bakin ƙofar jarbil tana kuka, a ɗauke ta ba faɗa, a kai ta ga wani abu. Waɗansu cikin ƴan makonni sukan rage zuwa, waɗansu kuwa har tsufansu suna nan bakin ƙofar. Sakata dai tana nan a wurinta, ko wace iri ce taka.

Masu ƴan tsaki da tantabaru da zomaye a nan gida, abin da muka faɗa game da idon raga da ɗaurin murfi da cizon da ba a gani ya shafe ku ku ma. Ku leƙa akurkinku da marecen nan.

Nan za mu dakata. Sai wani mako, mu kwana lafiya.